Zaren Awo da Sanduƙin Karantina

Karantina, Jidda.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Habibu, a Dammam.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya, jirgin ƙasan nan na Riyad bai jijjige maka hanji ba, kuma kafilinka, ubangidan da ya tsaya maka, ya karɓe ka hannu bibbiyu. Allah Ya tsare ka a inda idonmu ba ya kaiwa, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki, Ya sa albarka a gumin da za ka zubar a garejin nan na bakin tashar jiragen ruwa. Ummanka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. Na ce mata mutumin da yake share tuwon mutum uku ba a yi masa wannan tambaya. Ta ce in rubuta dai. To na rubuta.

Na san tun kafin ka warware takardar nan ka ji wani ɗan ƙyalle a cikin ambulan, kuma ka san abin da ke ciki. Ajiye shi tukuna. Ummanka ce ta ɗinke bakinsa da irin ɗinkin da take yi wa ƙunshin kaya, ka kuwa san ɗinkinta ba ya farkuwa da haƙori. Ni na sa ta, don ka karanta kafin ka gani.

Ranar da za ka tafi ka tsaya a bakin shago da jakarka, ni kuwa ina ta ɗaure wani noti da ya riga ya ɗauru, don kada in ɗaga kai in dube ka. Ka ce, "Baba, in rabon wasiƙu ya gagara, ka aiko mini da zare mai ƙulli ɗaya. Wallahi zan ajiye aikin in dawo." Ban amsa maka ba, ban kuma raka ka tasha ba. Tun da gwiwata ta fara yi mini gardama kai ne kake hawa keke bayan la'asar kana raba wa mutanen unguwa wasiƙunsu, shi ya sa na ga kamar tafiyarka ce ƙarshen abin da na gina. Na san halinka. In ka ga ƙulli za ka dawo, ka bar aikin da ka daɗe kana mafarkinsa, ka zauna kusa da ni kana murmushin dole. To amsarka tana cikin ƙyallen nan. Amma akwai labarin da yake ta yi mini ƙaiƙayi a baki, kuma ba zai yi daɗi ba sai na faro maka daga tushe. Wasu ka ji su a bakin Ummanka, inda kullum ita ce gwana. Yau ka ji su daga wanda ya tafka kurakuran da hannunsa.

Ni dai ba a haife ni da sufana a hannu ba. Da ƙafa iyayena suka shigo da ni ta Sudan, muka haye teku, mahaifina ya sauke farali ya kwanta dama a nan, ni kuma na tashi ina dakon buhuna a tasha. Keke na farko da na mallaka a Bab Sharif na same shi, ba birki, ba ƙararrawa, sirdinsa kamar an ɗora maka dutse. Da tafin takalmi nake tsayar da shi. Amma Habibu, ranar da na fara taka feda iska ta bugi fuskata, ihu na yi a tsakiyar titi kamar wanda aka yi wa bushara! Na kwance keken nan na mayar, na sake kwancewa na mayar, har hannuna ya san kowane ƙarfe da ke jikinsa. Daga nan na shimfiɗa buhu a gindin bango na fara faci.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne mutanenmu da ke Yanbu da Madina da Ɗa'ifa da Jizan, masu kai burodi da nono da kananzir gida-gida. Keken mutum shi ne abincinsa, amma in sarƙa ta tsinke sai ya jingine shi ya jira mai zuwa Jidda. Na ce kai, a nan jirgi yake sauke kayan keke, ga kuma barid, gidan wayarmu, yana kai ƙunshi ko'ina. Me zai sa keken bawan Allah ya kwanta? Na je na kama sanduƙi, wato akwatin wasiƙa a barid, aka ba ni lamba da ɗan mabuɗi. Duk alhajin da ya zo faci sai in karanta masa lambar har ta zauna masa. Mutane suka ce Sale ya zautu, wa ya taɓa sayar wa mutumin da bai gani ba taya? Ni kuwa ko a jikina, don na riga na hango abin.

Kuskurena na farko a kan Nuhu mai burodi na Yanbu na yi shi. Nuhu ba ya rubutu, sai ya je wurin masu rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar barid, aka rubuta masa yana son taya. Na ɗauki babbar taya irin ta kekena na aika, ina ta jin kaina. Ta dawo. Na ce ai shi ne bai iya sakawa ba, na sake mayar masa da ita har da bayanin yadda ake danna ta da babban yatsa. Ta sake dawowa, wannan karon da wani dogon farin zare a ɗaure a jikinta. Na ce shi ke nan, mutumin nan ya fusata ya yi mini asiri. Da filaya na kama zaren, ina karanta duk abin da ya zo bakina, na wurgar da shi waje.

Ummanka a lokacin amarya ce, ta kawo mini abinci. Ta tsinci zaren ta dube shi, ta shigo ta zagaya shi a kan babban wili, ya yi saura bai haɗu ba. Ta zagaya shi a kan ƙarami, bakin zare ya haɗu da baki cif.

Ta ce, "Malam, wannan ba asiri ba ne. Mutumin nan ƙafar kekensa ya aiko maka."

Habibu, tsalle na yi har na ture kwanon miya! A wannan rana sana'ata ta tsaya da ƙafafunta. Na aika wa kowa cewa ba sai ya nemi mai rubutu ba, ya zagaya zare a wilinsa, ya yanke, ya sa a ambulan da sunansa. Ƙulli ɗaya tib yake so, biyu taya, uku sarƙa. Mutumin da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya koma yana yin odar kaya daga Jizan. Can sai ga wani zare daga Nuhu, ba ƙulli ko ɗaya. Na juya shi na juya, Ummanka ma ta kasa. Sai da ya zo umra na tare shi da tambaya, ya yi dariya ya ce, "Ya Sale, ba abin da nake so. Kaya sun iso, keke yana tafiya, muna lafiya. In ba ƙulli ba damuwa, halas, shi ke nan." Wasu suka ji suka ɗauka. Wannan damin zaren da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar shago, wanda kake wasa da shi kana yaro, duk irinsu ne.

To ka ji. A garejinku za ka haɗu da Bayamane da Ba'indiye da mutumin da ba ka taɓa jin sunan ƙasarsa ba. Wani da hannu zai yi maka bayani, wani da zane a ƙasa. Kada ka yi dariya, kada kuma ka tsorata da abin da ba ka gane ba, ka ɗauka ka gwada shi tukuna. In aiki ya dawo maka sau biyu, ka fara tuhumar kanka kafin ka ce mai kayan ne bai iya ba. Kuma in Allah Ya ba ka mata mai ido, ka riƙa nuna mata abin da ya ɗaure maka kai.

Kuskure na biyu abin dariya ne, har yau in aka tuna a majalisa sai wani ya ƙware da shayi. Wani mai kai nono a Madina ya aiko zare yana son tib da yawa, na abokan aikinsa har da nasa. Murna ta kama ni. Na naɗe tib ɗin, na sa gwangwanin sholisho na faci a tsakiya, na ce bari in yi abin kirki, na ƙara da ƙullin alewa don yaransa. Duk a ƙunshi ɗaya, a tsakiyar bazara, aka ɗora a saman mota rana tana dukansa har Madina. Gwangwani ya fashe, alewa ta narke, roba ta yi laushi, suka rungume juna. Mutumin bai yi mini ƙorafi ba. Sai da ya zo Jidda ya shigo shago da sallama, ya dire wani baƙin dunƙule a kan teburi ya ce, "Ga kayanka, ya shaikh. Mun taru mun duba, mun rasa ci ake yi ko hawa." Wannan dunƙulen ne muke tokare ƙofa da shi har gobe. Tun daga nan Ummanka ta karɓe ɗaurin kaya daga hannuna. Ita ta fara barbaɗa wa tib hoda don kada ya manne, sholisho ya tafi a ƙunshinsa daban, alewa kuwa ta ce in ina son kyauta in jira mutum ya zo.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kafin ka aika abu ka tuna hanyar da zai bi, ba yadda ya bar hannunka kawai ba. Magana ma haka take. Ranar da shugaban aiki ya ɓata maka rai, kada ka zauna ka rubuto wa Ummanka. Kai kafin wasiƙar ta iso ka huce har ka manta, ita kuwa a ranar za ta fara kuka. Ka bari ka kwana, ka ci abinci, sannan ka ɗauki alƙalami. Kuma iƙamarka, takardar izinin zamanka, kada ka haɗa ta da komai a aljihu ɗaya, na san ka da zuba goro da takarda wuri guda.

Na uku shi ne wanda duk Karantina ta sani, don Inna Gambo ba ta bar kowa bai ji ba. Ka san ta tsohuwa mai sanda, amma a lokacin da ƙarfinta, tana tuyar ƙosai a bakin lungunmu. Ita ma da ƙafa ta zo, ta baro 'yarta ƙarama a hannun 'yan'uwa a ƙasar Katsina, da niyyar ta yi hajji ta koma, Allah bai nufa ba. Ka kuwa san unguwarmu ba lambar gida, ba sunan titi, barid kuma ba ya bin mutum gida. Wanda ba shi da sanduƙi, a wurin mutanen gida kamar ya nutse a teku ne. Wata rana ta zo ta ce, "Sale, ka ara mini lambar nan taka in ba wani alhaji da zai koma, ko Allah zai sa a rubuto mini."

Na ce, "Inna, sanduƙin sana'a ne, ba na gaisuwa ba. In na ba ki, gobe duk unguwa za ta zo."

Ta juya ta koma kan kaskonta. Ashe ta ja alhajin har ƙofar shago ya kwafi lambar daga jikin allo. Bayan wani lokaci sai ga wasiƙa da sunanta. Haushi ya kama ni, na jefa ta a kwandon boris na ce in tana so ta zo ta tambaya. Ita kuwa ina ta san ta iso? Wasiƙar ta daɗe a nan har giris ya taɓa gefenta, sai da Ummanka ta gani tana shara, ta yi mini kallon da ka sani. Na hau keke na kai, ina cika ina batsewa. Inna Gambo ta ce in karanta mata. Na karanta a tsaye, ƙafa ɗaya a kan feda. 'Yarta ce. Tana raye, ta yi aure, ta haifi mace ta sa mata Gambo, kuma kullum tana tambayar alhazai ko sun ga uwarta.

Ƙosai ya ƙone a kasko ba wanda ya kula. Ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya, tana cewa in sake karantawa. Na sake. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata, amma tare da kunyar wani daɗi ya shige ni wanda cinikin taya bai taɓa ba ni ba. Daga wurin ban koma shago ba. Na bi lungu-lungu ina buga ƙararrawa ina cewa, "Jama'a, duk mai son lamba ya zo ya karɓa! Yalla, kyauta ce!" Abin da na ji tsoro shi ya faru, duk unguwa ta zo, har mutanen Mahjar da Ammariyya. Wasiƙu suka fara zuwa daga Kano da Sakkwato da Damagaram da Wad Madani, duk ta hannun Sale Mai Keke. Ma'aikacin barid ya gaji da cusawa a ɗan ramin, ya koma tara mana a buhu. Haka rabon la'asar ya samo asali, kuma na ga abubuwa a kan keken nan: na kai labarin haihuwa an yi mini guɗa, na kai na rasuwa na zauna an yi addu'a da ni, na haɗa wa da ƙane da kowannensu ya ɗauka ɗayan ya mutu a hanya.

Don haka ina umartarka, ba shawara ba ce: da zarar ka zauna da gindinka a Dammam, ka kama sanduƙi a barid, ka ba duk ɗan'uwan da ba shi da adireshi lambar. Kada ka jira a roƙe ka, mai nema yakan ji nauyi. Kuma saƙon mutum kada ya kwana a hannunka don kana jin haushinsa, ba ka san abin da ke ciki ba.

Yanzu ga na huɗu, sabo fil, ko ƙurarsa ba ta kwanta ba.

Da ka tafi na ce zan nuna wa duniya Sale bai tsufa ba. Na goge kekena, na ɗaura buhu a baya, na hau. Zuwa barid lafiya lau, har ina gaisa da mutane da hannu ɗaya. A dawowa, daidai lungun masu gawayi inda yashi yake da zurfi, gwiwar ta ce ita fa ta gama. Na taka, ta ƙi. Na sake takawa, sai ga ni a ƙasa, keke a kaina, wasiƙu sun watse, wata akuya tana shinshinar ta Malam Bello limaminmu. Na tattara na turo keken gida ina ɗingishi, na shiga ta baya don kada a gan ni. Washegari ko miƙewa na kasa. Buhu yana jingine a lungun shago, ni ina kallonsa yana kallona. La'asar ta yi, unguwa shiru ba ƙararrawa. Wata la'asar ta sake yi, haka. Ina jin mata suna leƙowa daga ƙofofinsu suna komawa, ba wadda ta zo ta tambaya don kada su kunyata ni. Wannan ya fi faɗuwar ciwo.

Ba zan yi maka ƙarya ba, raina ya ɓaci da kai ƙwarai. Na ce yaron nan ya bi manyan injuna ya bar ni da buhu. Na ce motoci sun cika Jidda, an zuba kwalta ko'ina, zamanin keke ya wuce, ni ma na wuce tare da shi. Na jawo zare na yanka. Ummanka tana zaune tana tsince shinkafa, ta dube ni ta ce, "Malam, yaron nan ko albashin farko bai ɗauka ba." Na ce ba da ke nake ba. Na ajiye zaren a ƙarƙashin matashi, na ce ranar Asabar zan ba da a kai barid.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina kishingiɗe a shago na miƙe ƙafa, sai na ji ƙararrawa. Na ce wani ne ya kawo faci. Sai na ji ta biyu, ta uku, can sai lungun gaba ɗaya ya ɗauka, kamar an saki garken tumaki masu ƙararrawa a wuya! Na ja jiki na leƙa. Habibu, da ka ga abin da na gani! Kekuna ne tun daga bakin shago har wurin famfon ruwa. Masu burodi, masu kananzir, teloli, 'yan dako, mutanen Sudan na bayan masallaci da fararen jallabiyoyinsu, har Malam Bello a kan wani tsohon keke da ban san yana da shi ba, ya tattare riga yana tangaɗi, mutane biyu suna riƙe da shi. A gabansu duka ga Inna Gambo a zaune a kariyar keken Tanko mai burodi, ta riƙe sandarta a tsaye kamar mai jan runduna.

Ashe da ta ji shiru, ita ce ta bi gida-gida da sandarta tana buga ƙofofi. Aka sauko da ita, ta tako har gabana ta nuna ni da sanda.

Ta ce, "Sale, har yanzu rowar lambar nan ba ta sake ka ba? Da ka hana ni ita, yanzu kuma ka hana mu ɗaukar buhun. Kai kaɗai ne mai ƙafa a Karantina?"

Na ce, "Inna, ai aikina ne, ni da ɗana."

Ta ce, "Bas, ya isa! Wasiƙar taka ce ko tamu?"

Sai Tanko ya jingine kekensa ya matso ya ce, "Ya Abu Habibu, ranar da na sauka daga jirgi ba ni da ko tabarma, wa ya ba ni aron keke ya ce in fara kai burodi? Wa ya koya wa rabin mutanen nan faci? Ɗayyib, to ba mu mabuɗin. Ni zan riƙa ɗaukowa daga barid, hanyata ce. Kai ka zauna ka ware, tunda kai ka san wace Hauwa ce ta lungun gawayi, wace ce ta bayan masallaci."

Kafin in buɗe baki an fara rabon unguwanni, har da musu. Wannan ya ce Mahjar tasa ce don can surukansa suke, wancan ya ce shi ya riga faɗa. Telolin Sudan suka ɗauki Ammariyya. Malam Bello ya ce a ba shi lungun masallaci, aka ce masa, "Ma'alesh, yi haƙuri, Malam, kai da ƙafa za ka raba, ba ma son asarar limami." Babbar rigima kuwa a kan ƙararrawata aka yi, don mata sun san muryarta, in ba ita suka ji ba ba za su fito ba. Inna Gambo ta yanke hukunci a kwance ta a riƙa karɓa-karɓa. Na zazzage buhu a kan teburi, ina kiran suna ana miƙo hannu, ina kira ana miƙowa, ina cewa ƙura ce ta shiga mini ido. Tanko ya ɗaga hannu ya ce, "Yalla!" Suka watse ta kowane lungu suna buga ƙararrawa, yara suna binsu da gudu, mata suna guɗa. Wallahi tun ranar da aka haife ka ban yi farin ciki irin na wannan rana ba.

Ka ga kuskuren? Na ɗauka abin nan a kan gwiwata yake tsaye, in ta gaza sai taka. Shekara da shekaru ina ba mutane, ban taɓa barin su su ba ni ba, ina ganin hakan ne mutunci, ashe wani irin girman kai ne. Kai ma jinina ne, na ga alamarsa a jikinka. In kaya ya yi maka nauyi a can, ka buɗe baki ka ce a kama maka. Wanda ka taimaka jiya yana neman hanyar da zai rama, kada ka toshe masa ita.

Yanzu haka da nake rubutun nan la'asar ta kusa, ina jin su suna taruwa a waje, Tanko yana yi wa wani faɗa a kan ya zo da taya ba iska. Odar kaya ma ba ta tsaya ba, jiya zare ya zo daga Jizan da ƙulli uku, Ummanka ta riga ta ɗinke ƙunshin. Har na fara tunanin Dammam ma akwai masu keke, in ka ga suna neman kaya ka koya musu awon zare, sauran ka bar mini.

To, nemo reza ka farke ɗinkin.

Ka gani? Ja shi tun daga wannan baki har wancan, ba za ka sami komai ba. Amma in ka shafa a hankali, wajen tsakiya za ka ji ya ɗan lanƙwashe. Ummanka ta ce in yanko sabo don kada ka lura, na ce a'a, wannan ɗin zan aika. A nan na ƙulla shi, na ja da ƙarfi kuwa. Ranar Juma'ar nan da kowa ya watse na zauna na kwance shi da farce da haƙori, ya ba ni wuya kafin ya saki. Ina so ka san na ƙulla, ka kuma san da hannuna na kwance.

Ba abin da muke so, Habibu. Keke yana tafiya, muna lafiya. Rakiyar da ban yi maka ba ka yafe mini, ga ta nan na yi maka yanzu. Ka yi zamanka, ka riƙe aikinka da kyau, na sa maka albarka har cikin zuciyata.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, Ya tsare fitarka da shigarka, Ya sa ka kwana lafiya ka tashi lafiya, Ya dawo mana da kai hutun salla da ƙafafunka. Ka riƙe salla a kan lokaci. Inna Gambo ta ce a gaishe ka, kuma ka aiko mata da lambar sanduƙinka, wai tana da wanda za ta ba.

In ka sami zare a can, ka san irin wanda nake jira.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale Mai Keke